A Koya Mana "Take Off" Yadda Muka Koyi "Ci" Da "Tashi"



A wannan makon Ƙungiyar 'Yan Jarida ta ba mu fili mu faɗi ra'ayinmu a kan wani abu da ke ci wa ɗaliban ƙaramar sakandare tuwo a ƙwarya a darasin Turanci. Akwai wasu kalmomi masu tafiya bibbiyu: aikatau a gaba, sai wata 'yar ƙaramar kalma tana biye da shi, irin su "up", "off", "on", "out" da "down". Malaman Turanci suna kiransu "phrasal verbs". Mu dai a wannan rubutu za mu kira su aikatau mai 'yar rakiya. Kowace kalma ita kaɗai mun san ta tun muna firamare. Amma da zarar sun haɗu sai su haifi wata ma'ana dabam, wani lokaci ma ma'anoni barkatai.

Mun zaɓi ɗaya daga cikinsu, wato "take off", don mu nuna abin da muke nufi. Ra'ayinmu shi ne, hadda ba za ta fitar da ɗalibi kunya a kan irin waɗannan kalmomi ba. A cikin jimla ake gane su, kuma Hausar da muke ji tun muna goye ita ce ta fi komai saurin buɗe mana su. Saboda haka muna roƙon a ba ta ɗan wuri a ajin Turanci.

Kalma biyu, aiki takwas

Duk ɗan aji ɗaya ya san "take" shi ne ɗauka. "Off" kuwa a jikin makunnin fitila da na fanka muka fara saninsa, wato kashewa. To idan aka haɗa su sai a samu me? Ɗauka a kashe? Babu Baturen da ke nufin haka. Ga abin da suke nufi:

Na ɗaya, cire abin da aka sa a jiki. "Take off your shoes" na nufin cire takalminka. A nan ma Hausa ta fi Turanci yawan kalmomi, domin mu tuɓe riga muke yi, mu kwance ɗankwali, mu zare zobe, mu warware rawani. Bature duk "take off" zai ce. Kishiyarsa ita ce "put on".

Na biyu, tashin jirgin sama. "The plane took off at six" na nufin jirgin ya tashi da ƙarfe shida. Duk wanda ya taɓa raka alhazai filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ya ga wannan ma'ana da idonsa. Kishiyarsa a nan ita ce "land", wato sauka.

Na uku, arcewa. "The boys took off when they saw the prefect" na nufin yaran sun ranta a na kare da suka hango firifet. Masu makara sun fi kowa sanin wannan.

Na huɗu, bunƙasa cikin sauri. "Her zobo business took off during Ramadan" na nufin sana'arta ta zoɓo ta kankama da azumi, kasuwa ta buɗe mata.

Na biyar, ragi. "The trader took two hundred naira off the price" na nufin ɗan kasuwar ya rage naira 200 daga kuɗin kayan.

Na shida, hutu daga aiki. "Our teacher took two days off" na nufin malaminmu ya ɗauki hutun kwana biyu.

Na bakwai, fitar da ɗan wasa daga fili. "The coach took him off in the second half" na nufin koci ya cire shi bayan an dawo daga hutun rabin lokaci.

Na takwas, kwaikwayon mutum don a yi dariya. Mutanen Ingila ne suka fi amfani da wannan. Idan aka ce "He can take off the principal", ana nufin ya iya kwaikwayon tafiyar shugaban makaranta da muryarsa. Wanda ya san ma'ana ta ɗaya kaɗai sai ya tsorata, ya ɗauka yaron zai iya tsige shugaban makaranta ne.

Ban da waɗannan, a jaridun Najeriya da labaran rediyo ana yawan cewa wani shiri ko wani taro "has taken off", ana nufin an fara shi. Haka kuma idan aka haɗe kalmomin biyu aka rubuta "take-off", to ya koma suna, wato tashin jirgi.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada wani ɗalibi ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Wani masani ɗan Ingila mai suna Samuel Johnson ya wallafa babban ƙamus na Turanci a shekarar 1755. A gabatarwar ƙamus ɗin ya yi maganar irin waɗannan kalmomi, ya nuna cewa su ne suka fi ba baƙi wahala wajen koyon Turanci. "Take off" yana cikin misalan da ya kawo, kuma ma'anar da ya ba shi a wurin ita ce kwafar abu. Ke nan fiye da shekara 250 da suka wuce masu harshen da kansu sun san wurin nan akwai santsi.

Akwai wani darasi kuma. A zamanin Johnson babu jirgin sama. Sai a 1903 wasu 'yan uwa biyu a Amurka, Wilbur da Orville Wright, suka tashi jirgi mai inji. Ashe maganar tashin jirgi daga baya ta shigo cikin "take off". Haka Hausa ma ta yi. Kakanninmu jirgin ruwa suka sani. Da sabon abu ya zo sai suka ce jirgin ƙasa, da wani ya sake zuwa suka ce jirgin sama. Kalma takan ƙara wa kanta aiki idan zamani ya canza. Duk jerin ma'anonin da aka ba mu mu haddace yau, wata rana zai iya zama bai cika ba.

Abin da ya sa hadda ba ta isa

A makarantu da yawa ga yadda ake yi: a rubuta aikatau 20 ko 30 a allo, kowanne da ma'ana ɗaya a gabansa, a ce a kwafa, a haddace kafin Juma'a. "Take off" ya samu "remove", shi ke nan an wuce. Ɗalibi mai ƙoƙari zai haddace tas. Amma ranar da ya ci karo da labarin jirgin da ya "took off" a cikin fahimtar karatu, sai ya tsaya yana tambayar kansa: me jirgin ya cire?

Wannan ba ƙaramin abu ba ne gare mu. A ƙarshen aji uku za mu rubuta jarrabawar BECE, kuma Turanci yana cikin manyan darussanta. Akwai tambayoyin da ake ja layi a ƙarƙashin kalma a ce a zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Mai tsara tambaya zai iya jera tashi, cirewa, arcewa da ragewa a matsayin zaɓi. Dukkansu ma'anonin "take off" ne na gaskiya. Jimlar ce kaɗai za ta nuna wadda ake so. Wanda ya haddace ma'ana ɗaya zai zaɓe ta da ƙarfin gwiwa, ya rasa maki bai sani ba. Sauran darussa ma, irin su kimiyya da lissafi, da Turanci ake rubuta tambayoyinsu. Idan umurnin tambaya ya shige wa ɗalibi duhu, sanin amsa ba zai amfane shi ba.

Hausa ta riga ta koya mana dabarar

Mu dubi kalmar "ci". Muna cin tuwo. Muna cin jarrabawa. Ɗan wasa yana cin ƙwallo, ɗan siyasa yana cin zaɓe. Ana cin bashi, ana cin amana, ana cin mutum tara. Kasuwa tana ci ranar Laraba. Wuta tana cin daji. Samari suna tafiya cin rani. Babu wanda ya taɓa rubuta mana waɗannan a allo ya ce mu haddace. Duk da haka ko ɗan shekara bakwai idan ya ji an ce yayarsa ta ci jarrabawa ba zai tambaya ko da miyar kuka ta ci ba.

Ga "tashi" kuma. Mun tashi daga barci. Jirgi ya tashi. An tashi daga makaranta. Farashin masara ya tashi. Hankalin Inna ya tashi. Ƙullun waina ya tashi. Maƙwabtanmu sun tashi sun koma wata unguwa. Wane a hannun kakarsa ya tashi.

Hausa ma tana da nata aikatau mai 'yar rakiya. "Zo" dabam, "zo da" dabam. "Sha" dabam, "sha kan matsala" dabam. "Yi" dabam, amma idan aka ce ana yi da mutum, gulmarsa ake yi. "Sa" kuwa sai ya zama sa baki, sa hannu, sa ido, sa rai, sa rana.

Ta yaya muke gane wadda ake nufi? Muna sauraron kalmomin da ke kewaye. Muna lura da wanda ya yi aikin da abin da aka yi wa aikin. Wannan ita ce dabarar da "take off" yake buƙata, kuma muna da ita a kanmu tun kafin a sa mu a makaranta. Abin da ya rage shi ne a nuna mana cewa dabarar gida tana aiki a Turanci. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Tambaya uku kafin a zaɓi ma'ana

Tambaya ta farko: wa ya yi aikin? Idan jirgi ne ko tsuntsu, tashi ake nufi. Idan sana'a ce ko sabuwar waƙa ko sabon yayi, bunƙasa ake nufi. Idan mutum ne, sai a tafi tambaya ta biyu.

Tambaya ta biyu: akwai karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa? Idan babu, kamar a ce "the thief took off", to ɓarawo ya cika wandonsa da iska. Idan akwai, sai a tafi ta uku.

Tambaya ta uku: mene ne karɓau ɗin? Tufafi ne, cirewa. Kuɗi ne, ragi. Kwanaki ne, hutu. Ɗan wasa ne a fili, canji. Mutum ne ake dariya, kwaikwayo.

Akwai kuma zare ɗaya da ya ɗinke kusan dukkansu, shi ne rabuwa. Riga ta rabu da jiki. Jirgi ya rabu da ƙasa. Yaro ya rabu da wurin da yake tsaye. Naira 200 ta rabu da farashi. Malam ya rabu da aiki na kwana biyu. Sana'ar da ta bunƙasa kuwa an kamanta ta ne da jirgin da ya bar ƙasa ya yi sama. Wanda ya riƙe wannan zaren zai iya cankar ma'ana ko da bai taɓa jin jimlar ba.

Sai ƙa'idodi biyu da ke cinye maki. Ana iya cewa "take off your cap", ana kuma iya cewa "take your cap off", duk daidai ne. Amma idan wakilin suna ne, irin su "it", "them" ko "him", dole ya shiga tsakiya: "take it off". Idan aka ce "take off it" an karya ƙa'ida. Na biyu, a titi muna yawan jin "off your cap" ko "off the light". Kowa zai gane abin da ake nufi, amma mai duba takardar jarrabawa zai ja jan biro, domin a Turancin makaranta "off" ba ya tsayawa shi kaɗai a matsayin aikatau. Hula "take off" ake yi mata, fitila kuwa "switch off" ko "turn off".

Abin da wasu za su ce

Mun san akwai malaman da ba za su yarda da mu ba, kuma suna da hujja. Za su ce idan aka buɗe wa Hausa ƙofa a ajin Turanci, za ta shigo ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Ɗalibi a gida Hausa, a kasuwa Hausa, a filin ƙwallo Hausa, to a ina zai yi Turanci idan ba a aji ba? Wannan gaskiya ne. Shi ya sa ba mu ce a mayar da darasin Turanci darasin Hausa ba. Cikin minti 40 muna roƙon minti biyar kacal, a kwatanta kalmar da takwararta ta Hausa, sannan a koma Turanci a gina jimloli. Ɗalibin da ya gane ma'ana shi ne zai ɗaga hannu ya yi magana. Wanda bai gane ba sai ya sunkuyar da kai har a kaɗa ƙararrawa, kuma shirun nan ba Turanci ba ne.

Wasu za su ce kwatantawa da Hausa za ta sa ɗalibai su riƙa fassara kalma da kalma. Wannan haɗarin yana nan. "Tashi" da "take off" sun haɗu a kan jirgi, amma sun rabu a kan barci, domin tashi daga barci "wake up" ne. Tashi daga makaranta ma ba "take off" ba ne. Amma ai ɗalibai suna yin wannan fassarar a zuci ko an yarda ko ba a yarda ba. Gara a fito da ita fili, Malam ya nuna inda harsunan biyu suka haɗu da inda suka raba hanya.

Wasu kuma za su ce ba kowane malami ne ke jin Hausa ba, musamman masu bautar ƙasa da ake turo mana daga wasu jihohi, kuma ba kowane ɗalibi ne Bahaushe ba. Wannan ma ba matsala ba ce. Malamin da ba ya jin Hausa zai iya tambayarmu: a harshenku akwai kalmar da ke yin aiki da yawa haka? Mu kawo "ci", mai jin Fulatanci ko Yarabanci ko Ibo ya kawo tasa. Kafin a tashi kowa ya ƙaru, har da Malam.

Roƙonmu

Ga malamanmu na Turanci: maimakon aikatau 30 a rana ɗaya, a ba mu ɗaya a mako, amma a ba mu shi da dukkan fuskokinsa, kowace fuska da jimlarta. A bar mu mu gina namu jimlolin daga abin da muka sani, kasuwa, gona, ƙwallo da gida.

Ga malamanmu na Hausa: ku ma kuna da hannu a ciki. Ranar da za a koyar da aikatau, a nuna mana "ci" da "sha" da "sa" da "tashi" da kyau, don mu shiga ajin Turanci da shirinmu.

Ga yayyenmu firifet da monitoci: idan kun ga ɗalibi yana yi wa ɗan uwansa bayanin darasi da Hausa, kada a sa sunansa cikin masu yaren gida. Mai surutu dabam, mai bayani dabam.

Ga hukumar makaranta: muna roƙon a sa ƙamus ko da ɗaya a kowane aji, a kuma koya mana yadda ake duba shi. A ƙamus irin na Oxford na masu koyo, ba a neman "take" a shafi ɗaya sannan a nemi "off" a wani shafi. Ana buɗe "take", a gangara ƙasa bayan ma'anoninsa, a nan aka jera masu 'yar rakiya, kowanne da misalinsa. Ɗalibai da yawa ba su taɓa gangarawa wurin ba, domin ba wanda ya ce musu akwai kaya a ƙasan.

Ga mu ɗalibai: kowa ya ware shafukan ƙarshe na littafinsa. Duk inda ya ci karo da irin wannan aikatau, a littafin karatu ko jarida ko rediyo, ya rubuta jimlar gaba ɗaya. Wanda ya rubuta kalmar kaɗai ya bar jimlar, kamar wanda ya ɗebo miya ne ya bar tuwo. Kuma mu daina jin kunyar tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Mu a Ƙungiyar 'Yan Jarida mun ɗauki alkawarin liƙa aikatau ɗaya mai 'yar rakiya a wannan allo kowace Litinin. Mako mai zuwa "make up" ne. Kafin nan ga gwaji. Ku gaya mana da Hausa abin da "take off" ke nufi a kowace jimla, ku rubuta a takarda da sunanku da ajinku, ku miƙa wa kowane ɗan ƙungiya kafin ranar Alhamis:

1. The eagle took off with a chick.
2. The tailor took off five hundred naira for my mother.
3. The new song took off in Kano.
4. It is hot, so take it off.

Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci duka huɗun. Kun ga "ci" ya sake fitowa, kuma ba wanda ya tsaya tambayar me muke nufi.



Daga wakiliyar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida.